Kalkuletar da Aka Kulle a Akwati

Zuwa ga ƙanena, Alhaji Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Binta da yara. Yaya zafin Fatakwal, yaya kuma ciwon gwiwar?

Kalkuletar nan mai zana layukan lissafi da kanta, wadda ka aiko wa jikata Hauwa'u, ta iso tun bara, amma takaicinta bai sake ni ba. Ubanta Garba, ɗan da na haifa, ya kulle ta a akwati cikin ledarta. Da na yi magana sai ya ce, "Hajiya, sabon abu ai sai ranarsa." Na ce, "Kayan lefe ne?"

Ranar jarrabawar gwaji aka damƙa mata, ko kunnawa ba ta iya ba. A bakin ƙofa mai sa ido ya karɓe, domin an haramta irin wadda ke adana bayanai. Da hannu yarinyar ta yi lissafin, lokaci ya ƙare mata tana kuka. Shekara talatin na koyar, amma a gidana aka rasa mai tambayar makaranta wace iri aka yarda da ita. Har da ni, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Kada ka aiko wata. Na je da ƙafata na zaɓo ƙarama wadda aka amince da ita, kullum da hantsi muna bita. Saura mako uku babbar jarrabawar.

Ka sa Hauwa'u a addu'a, ka gaishe min da mutanen gidan. Garba kuwa, har yau ban amsa gaisuwarsa ba.

Yayarka,
Hajiya Rabi, Birnin Gwari