Jar Wayar Kwamfutar Yayarka

Auta,

Ƙarya ka yi wa yayarka. Ka ce mata faifan ajiyar kwamfutarta ya mutu, aikinta na kammala makaranta ya tafi, ka bar ta tana kuka har ta kasa cin abinci.

Da safen nan kana ta sharar barci na kwance kwamfutar yayarka. Na kunna, na kara kunnena. Faifan yana juyawa lafiya lau, babu ƙaras-ƙaras ɗin da lalatacce ke yi. Sai na duba wayar da ta haɗa shi da cikin injin. Baƙa ce, bakinta a tsage, ko zama ba ta yi a raminta. Tamu ja ce. Ni na saka ta da hannuna, har na naɗa mata farin salatif.

Kuma na lura kwamfutarka ta wasa, wadda ta daɗe tana ɗaukewa saboda tsagaggiyar waya, ta warke a ranar da ta yayarka ta kwanta. Wa ya yi mata magani? Ban buɗe ta ba, kai nake so ka buɗe da hannunka.

Kafin yayarka ta dawo, jar wayar ta koma inda take. Kada ka goge komai, kuma kada ka kirawo abokin nan naka mai yawo da sukundireba a aljihu, shi ma ban yarda da shi ba.

Na tafi aiki. Wayar wutar kwamfutarka tana cikin jakata. Ba za ka sake ganinta ba sai ranar da yayarka ta miƙa aikinta.

Babanka