Kwamfutar da na ajiye kamar gyaɗa

Daren Laraba, Kankiya

Madalla da wayona. Duk kasuwar nan ba wanda ya kai ni sanin lokacin saye da lokacin ajiya. Shi ya sa da Yaya Sale ya sayar da gyaɗarshi ta Kunduru don mu buɗe shagon gem, inda yara ke biya su yi wasan kwamfuta, na sayo kwamfuta tun tana araha, na rufe ta a kwalinta sai mun haɗa sola. Ta shekara biyu a ɗaki.

Yau na kai ta wurin Bala mai gyara ya zuba mata sabon wasan ƙwallo. Da ya kunna, sai ga 'yan wasan suna tafiya kamar masu ciwon ƙafa. Na ce a ƙara mata ƙarfi. Ya leƙa cikinta ya ce, "Alhaji, ai ba ta da wurin ƙari, katin hoto na yanzu, wanda ke ba wasa sauri, ba zai zauna ba. Da mai wurin ƙari ka saya, da ka huta."

Jibi Yaya zai zo ganin shago, har surukanshi ya gaya wa. Bai taɓa tambayata yadda na yi da kuɗin ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan.

Ta yaya ake faɗa wa manomi kayanshi sababbi ne fil, amma sun tsufa?