Tikitin da Ya Ƙi Ciniki

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki. Ya nauyin jiki? Ƙafar ta daina kumbura? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Kuɗin tikiti sun shigo, Allah ya yi muku albarka. Na riƙe abin da kika ce: ranar ashirin ga wata likita zai yi miki aiki a ciro jaririn, maigidanki hutun kwana biyu kawai aka ba shi, kuma ba ki da kowa a ƙasar da kuke. Zan zo, ki kwantar da hankalinki.

Sai dai ban sayi tikitin ba tukuna. Kin ce in biya wanda kika nuna mini, mai tafiya kai tsaye. Haba Auta! Shekara talatin ina sayar da tukwane da kwanuka, ban taɓa biyan kuɗin farko da aka yanka mini ba. Na je ofishin masu tikiti, na tarar da wata mata mai tabarau a bayan kwamfuta, ta danne takardunta da kofi saboda fanka. Ta faɗi kuɗi, na taya rabi. Ta ce ba ita ke sa farashi ba, na'ura ce. Na ce to ta gaya wa na'urar. Na ɗauki jakata na nufi ƙofa a hankali, har na tsaya gyaran takalmi ina jira ta kira ni. Ba ta kira ba. Gobe zan koma, na san zuwa lokacin ta sauko, rarar kuma in saya wa jikana kayan sanyi.

Ki gaishe da maigidan.
Mamarki

Autata,

Ina gaishe ki, da fatan kina cin abinci kina hutawa. Ni dai jikina lafiya, kaina ne ya ɗaure.

Na koma, kuɗin ya hau. Na sake komawa, ya ƙara hawa. Kawunki, wanda bai taɓa shiga jirgi ba, ya rantse ranar Talata ake saya. Na jira Talata, ya hau. Mai kemis na kusa da shagona ya ce na'urar tana gane mutum, in ta ga ka matsu sai ta ƙara. Don haka na canza mayafi na je, mai tabarau ta gaishe ni tun daga bakin ƙofa.

Jiya mai kemis ya samo mini wani tikitin a wayarsa, rabin kuɗi. Har na fara murna. Ashe jirgi uku zan hau, awa arba'in da ɗaya. A wani gari in sauka a wannan filin jirgi, in nemi mota zuwa wani filin, kuma wai sai da bizar ƙasar da ba ni da niyyar zuwa. Akwati da kuɗinsa daban, zaɓen kujera daban, ruwan sha ma daban. Da muka haɗa duka sai mai arahar ya fi mai tsadar tsada.

Ki fahimtar da ni, don Allah. Ta yaya zuwa da dawowa ya fi zuwa kaɗai sauƙi? A shagona tukunya biyu ba su taɓa fin ɗaya araha ba. Kayan da suka yi kwantai karyar da su ake yi, su kuwa kujerar da ba a saya ba ita suke ɗaga wa kai. Akwai ma wani jirgi da aka rubuta zai tashi ƙarfe goma ya sauka ƙarfe tara, duk a rana ɗaya. Mai kemis ya yi mini bayani sau uku, na ce na gane don ya ƙyale ni.

Gaskiyar da nake ta kewayewa ita ce, kuɗin da kika turo yanzu ba sa isa. Kunya ta ishe ni. Kada ki gaya wa maigidanki, zan san yadda na yi.

Taki,
Mama

'Yata, Autata,

Ya jikin? Allah ya ba ki sauƙi. Tun da kika kira da safe kika ce jininki ya hau, likita ya dawo da aikin jibi, ban iya zama ba. Kina cewa ba komai in ban samu zuwa ba, muryarki tana rawa kamar ranar da na fara kai ki makaranta.

Na buɗe shago na kira mai kwanukan da ke fuskantata, wanda muka shekara goma muna ƙwacen masu saye. Na nuna masa manyan tukwanen nan na saman kanta, duka. Ya taya, na ce na sallama. Sai da ya tambaye ni ko lafiya.

Daga nan na wuce wajen mai tabarau. Kujera ɗaya ta rage a jirgin gobe, kuɗinta ya kusa ninka na ranar farko. Ta faɗa, ta ɗora hannu a kan tebur tana jira in fara. Na ƙirga na miƙa mata, ban taya ba. Ta cire tabarau ta dube ni, ta tambaya ko haihuwar da na taɓa gaya mata ce ta matso. A gabanta na yi kuka, ta ba ni kujera.

Har yanzu ban gane yadda suke lissafinsu ba, na kuma daina nema. Ni na jawo, ki yafe mini. Zan sauka jibi da safe, awa biyar kafin a shiga da ke. Kayan sanyin jikana ban samu saya ba, amma na ɗauko bargon nan mai kauri da na rufe ki da shi kina jaririya.

Idan sun tura ki ɗakin aikin, ki waiwaya. Za ki gan ni a bakin ƙofa, kuma ba inda za ni.

Allah ya sauke ki lafiya.
Mamarki