A Yi wa Isufu Fatiha Kafin Jirginsu Ya Tashi

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Nijar mazauna birnin Greensboro, da dattawan da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna lafiya da iyali, ni ce Rabi ta unguwar Glenwood, matar marigayi Mahamman mai taksi. Na rubuta a fili ne domin a gaban jama'a aka yi mini abin.

Kun san al'adarmu. Duk mai tafiya, a taron ƙarshen wata ake kiran sunansa a yi masa fatiha. An yi wa mai zuwa Umra, an yi wa mai kai motoci Kwatano. A taron da ya wuce na ba da sunan ɗana Isufu, sojan ruwan ƙasar nan mai aikin hasashen yanayi, wanda jirgin ruwansu zai tashi bayan ƙaramar salla. Ina sashen mata na kasa kunne har aka shafa, ban ji sunansa ba. Na kwashe kulolina na fita da ciwon zuciya. Daga baya aka kawo mini dalilanku guda biyu, ga amsata.

Na farko, wai hasashen yanayi da aka koya masa ɗan'uwan duba ne, tunda yana faɗin abin da gobe za ta zo da shi. Alhaji, da girmanka, bara da za a yi idi a fili, wa ya sa aka buga wa Isufu waya a ji ko za a yi ruwa? Ranar ba wanda ya kira shi boka. Da ya ce za a yi ruwan, albarka kuka sa masa, kuka koma cikin zaure.

Ni na je jihar Mississippi ranar da suka gama horo, na gani da idona. Malaminsu ya saki wani ƙaton balan-balan da ɗan akwati rataye a gindinsa. Muka bi shi da kallo har ya ɓace, amma akwatin bai daina aiko da labari ba. Isufu ya nuna mini a allon kwamfuta cewa iska hawa-hawa take, ta ƙasa ta yi gabas, ta samanta ta yi yamma, kowace da hanyarta. Ya ce a ranar da zafi ke ƙona tafin ƙafa, can sama akwai sanyin da ke daskarar da ruwa a fiffiken jirgi har ya kayar da shi. Shekara hamsin ina ɗaga kai ina ganin sama fayau, ashe ban san komai a kanta ba. Ban san lokacin da na fara tasbihi a gaban Turawan nan ba. Abin da ya sa tsohuwa tasbihi, ban ga yadda za a haɗa shi da bokanci ba.

Jiragen saman yaƙin da yake yi wa aiki ba matuƙi a cikinsu. Mai tuƙin yana zaune a ɗaki can wata uwa duniya, ba ya jin girgiza, ba ya jin sanyi. Sai yarona, wanda har ya gama sakandare ba ya tuna ɗaukar lema, ya duba awonsa ya ce a tashi ko a dakata, manya masu anini su saurare shi. Har yau abin yana ba ni mamaki, yana kuma ba ni tsoro.

Na biyu, wanda na san shi ne ainihin dalilin: jiragen nan a kan garuruwan Musulmi suke shawagi. Wannan ba zan musa ba, kuma ba ku fi ni jin nauyinsa ba, ni da na haife shi. Na tambaye shi gaba da gaba. Bai yi mini ƙarya ba, ya ce ba shi ke zaɓar inda za su ba. Amma ya ce in ya yi kuskure, girgije ya rufe idon jirgin, mai tuƙin ba zai gani da kyau ba, kuma a ƙasa mutane ne da 'ya'yansu. Yaron da ke ɗauke da wannan a wuyansa, shi kuka ga ya dace a sallama ba addu'a?

Ba na neman ku yaba aikinsa. Roƙona biyu ne. A taro mai zuwa, wanda shi ne na ƙarshe kafin ya tafi, a kira shi Isufu ɗan Mahamman a yi masa fatiha kamar kowa. In kuma akwai mai magana a kansa, ya faɗa masa yana zaune, zai zo.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, Alhaji, ya tsare naku 'ya'yan duk inda suke. In hannunku ya yi nauyin ɗagawa saboda ɗana, ku ɗaga saboda mutanen da za su kwana a ƙarƙashin giragizan da zai auna, ku roƙa masa kada idonsa ya yi kuskure.

Wassalam, daga 'yar'uwarku,
Rabi, uwar Isufu.