Sa Hannun Malama

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau na miƙa kundin kammala karatuna. Shafi tamanin da huɗu, a kan aikin tafinta a kotu. Ni na fara miƙawa a ajinmu, mu talatin da bakwai, kuma dukansu na haife su. Shekara ashirin da takwas na yi a tsaye tsakanin alƙali da masu shari'a ina juya magana, kafin na yi ritaya na shiga karatun lauya. Wa zai koya mini aikin tafinta? Yaran ajin suna kirana Baba Lauya. Da farko tsokana ce, yanzu kuwa sunan ya bi ni, har masu gadin ƙofa da shi suke gaishe ni.

Maman yara ta ce in rage shigowa gida ina ɗaga kafaɗa, ai ba a ba ni komai ba tukuna. Na ce mata saura wata biyar, ta tanadi mayafin zuwa taro.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Shugaban tsangaya ya tara mu a babban ɗakin karatu. Kwamitin tantancewa zai zo ranar 10 ga Maris. Tsangayarmu sabuwa ce, mu ne ajin farko da zai fita, kuma amincewar da muke da ita ta wucin gadi ce. In kwamiti bai ba da cikakkiya ba, za mu riƙe digiri a hannu amma makarantar horar da lauyoyi ba za ta karɓe mu ba. Shekara biyar ke nan sun tashi a banza.

Ya ce za su ƙirga malamai, su ƙirga littattafan laburare, su duba ɗakin kotun gwaji, sannan su zari kundin ɗalibai duk wanda hannunsu ya kai. Wata yarinya a layin gaba ta fashe da kuka. Na ce mata ta share hawaye, na ga alƙalai masu zafi sun fi hamsin, ba wanda ya cinye ni.

A raina na ce Allah ya sa nawa su zara.

Talata, 11 ga Fabrairu

Malamar da ke duba kundina ta dawo mini da shi. Ban taɓa ganin jan biro mai yawa haka ba. Sa'ar 'yata ta biyu ce, ko ma 'yata ta girme ta. Ta miƙe ta ba ni kujera, ta gaishe ni da ladabi, sannan ta yanka ni.

"Baba, na ji daɗin karanta shi. Amma labari ne, ba bincike ba. Kun kawo shari'u goma sha ɗaya, babu lambar ko ɗaya, babu shekara."

Na ce mata ai ina wurin aka yi su. Da kunnena na ji, da bakina na fassara.

"Na yarda, Baba. To wanda ba ya wurin fa? A ina zai duba?"

Ba za ta sa hannu ba. In babu sa hannunta babu kammalawa, sai in sake shekara. Ni.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ban je makaranta ba. Na ce wa maman yara ciwon kai ne, ta ce ta san irinsa.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Shugaba ya aiko a kira ni. Na san shi tun yana sabon lauya, rigarsa ta yi masa yawa. Sau nawa na gyara masa tambaya a cikin fassara ba tare da ya sani ba. Ya rufe ƙofa ya ce ya ji abin da ya faru, kuma bai dace a wahalar da dattijo kamata ba. Zai iya sauya mini mai dubawa, wani ya sa hannu ranar Litinin, shi ke nan.

Gaskiya raina ya so. Amma kalmar "dattijo" ɗin nan ce ta tsaya mini a wuya. Wato a tsallakar da ni don furfura? Yaran nan su fita da guminsu, ni in fita da alfarma? Na ce masa na gode, amma wadda ta ƙi sa hannu ita za ta sa. Zan kawo mata lambobin nan har sai ta gaji da ƙirgawa.

Na fito cike da haushi. Ban san ko da wa nake fushi ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na koma tsohuwar kotunmu. Ɗakin fayil yana nan yadda na bar shi, fanka ɗaya, taga ɗaya, warin tsohuwar takarda. Mai ajiye fayil abokina ne, Dogo muke ce masa. Da ya gan ni da littafin rubutu sai da ya riƙe ciki don dariya. "Kai da ka ce kanka ya fi kabad ɗin nan?" Na ce ya rufe mini baki ya kawo tsani.

Na samo huɗu. Duk yadda na faɗa suke. Sai ɗaya da na kuskure shekararta a ƙwaƙwalwata, da shekara biyu kacal.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yanzu na samo takwas. An yi wa tsangaya fenti, an kawo sababbin kujeru, har da tukwanen fure a bakin ofishin Shugaba. Mai kula da laburare ta rame.

Talata, 25 ga Fabrairu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Shari'a ta goma, ta wani kafinta da ya yi rigima da maƙwabcinsa kan katanga. Maƙwabcin ya faɗi ya karye a ƙugu. A kundina na kawo ta a matsayin misalin fassara mai kyau, don na tuna alƙali ya yaba mini a ranar. An ɗaure kafintan shekara uku. Iyakar abin da na sani ke nan, saboda a watan aka yi mini canjin wurin aiki.

Yau Dogo ya sauko da fayil ɗin, sai na ga ya fi yadda nake zato kauri. Ashe an ɗaukaka ƙara. Matar da ta ba da shaida ta rantse cewa ita "ya ture shi" ta ce, tafinta ya juya wa kotu "ya buge shi". Akwai wasu biyu da suka ji ta. Kotun sama ta soke hukuncin, ta sallami mutumin. Bayan ya yi wata goma sha huɗu a gidan yari.

Ba su rubuta sunan tafintan ba. Ba sai sun rubuta ba.

Dogo ya karanta ta bayan kafaɗata, ya fita ya sayo mini ruwa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na gaya wa maman yara bayan yara sun fita. Ta ajiye tsintsiya ta zauna. Na zaci za ta ce ai ya wuce, shekara goma sha tara. Sai ta ce, "Yana da iyali?" Na ce fayil ya ce mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Ta dafa gwiwata.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Na kai wa Malama lambobi goma sha ɗaya cif. Na ajiye mata kwafin hukuncin kafinta a sama, na ce ni ne tafintan. Ta karanta har ƙarshe, ba ta ɗago ba sai da ta gama.

Ta ce ƙa'ida ba ta tilasta mini sa ta ba. Goma sun isa, in cire wannan, ba wanda zai sani.

Na ce ke kin sani, ni na sani. Kuma in kundin nan kan aikin tafinta ne, to wannan ma aikin tafinta ne. Daga nan ta jawo kujerarta kusa, muka tsara sabon babi tare: me ya sa ba a naɗar muryar shaida, me ya sa tafinta ɗaya yake yini a tsaye ba mai karɓarsa, wa ke duba shi in ya yi kuskure. Ta san dokokin da ban taɓa jin labarinsu ba. Wannan kam dole in faɗa.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta sa hannu. Bayan ta sake mayar da ni sau biyu kan waƙafi da jerin madogara. Sau biyu! Na lura hannun nata ma ba wani kyau gare shi ba.

Litinin, 10 ga Maris

Sun zo, su biyar. Shugabarsu tsohuwar mai shari'a ce da ta yi ritaya, 'yar ƙarama da sanda, ba ta murmushi. Ta sa an buɗe kwalayen littattafan da aka jera a laburare, ta ce a nuna mata hatimin tsangaya a kan kowanne, don ta san ana aro daga wata makaranta a yi ado da su. Namu duk da hatimi. Mai laburare ta kusa rawa.

Laraba, 12 ga Maris

Sun zari kundi shida. Nawa na ciki. Addu'ata ta karɓu a lokacin da na daina sonta.

Aka kira ni da hantsi. Tebur dogo, su biyar a gefe ɗaya, Shugaba da Malama a can bango. Tsohuwar mai shari'a ta buɗe babi na huɗu ta ce, "Malam, wannan tafintan da ka yi wa kaca-kaca, ka san shi?" Na ce ranki ya daɗe, shi ne a gabanki. Ta ce ta gani a ƙasan shafi, so take ta ji da bakina. Ta tambayi wanda ya sa ni tono wannan. Na nuna Malama, na ce ita ta ƙi sa hannu sai na kawo hujja, shekaruna ba su sa ta sassauta ba.

Sun yi minti arba'in suna yi mini tambayoyi. Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tsayuwa gaban manya dai ba yau na fara ba. Da zan fita na ji tana ce wa na kusa da ita, tsangayar da ke iya mayar da mai furfura ɗakin fayil ba ta wasa da sa hannu.

Shugaba bai iya haɗa ido da ni ba. Ban gaya wa kowa maganarmu ba, ba kuma zan gaya ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Takarda ta iso. Cikakkiyar amincewa, shekara biyar! Yaran suka ɗaga ni sama a tsakar tsangaya, ina ta ihu su sauke ni kafin su karya mini baya. Yarinyar da ta yi kuka ran nan ta ce kundina ne ya cece mu. Na ce mata a'a, aikin kowa ne. Amma ban ce da ƙarfi ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Sakamako ya fito. Na cika dukan sharuɗɗa: darussa, halartar aji, kotun gwaji, kundi. Ni ne na shida cikin talatin da bakwai. A kundi kuwa ba wanda ya kamo ni. Autarmu ta ɗauki hoton allon ta aika wa dangi kaf, har waɗanda ba ma shiri da su. Maman yara ta ce yanzu kam in ɗaga kafaɗar, ta ba ni izinin kwana uku.

Asabar, 2 ga Agusta

Babu abin da ya rage sai jiran kiran makarantar lauyoyi. Duk da haka ina leƙa wurin Dogo ranar Talata da Alhamis. Zaman gida ne ba na so, ba wani abu ba. Muna sauko da fayilolin shekarun da na yi aiki, ɗaya bayan ɗaya. Mun duba ɗari da sittin. Ban sake samun irin waccan ba. Tukuna.

Shekaranjiya Dogo ya miƙo mini 'yar takarda, wai ya yi tambaya a wurin masu sayar da katako. Kafintan yana raye. Yana da rumfa a bayan tashar mota, ɗansa ne ke aikin yanzu, shi yana zama a bakin ƙofa.

Ni ban sa shi ya nemo ba. Kuma me zan ce wa mutumin? Wata goma sha huɗu ba a mayar da su da baki. Mai yiwuwa ma ya kore ni, kuma yana da gaskiya.

Ban ce zan je ba. Teburin karatuna dai ƙafarsa ɗaya tana girgiɗi, ya kamata a nuna wa mai gyara. Na tambayi maman yara ko rumfunan bayan tasha suna buɗewa ranar Lahadi. Ta ce suna buɗewa, kuma ta riga ta goge mini farar rigata.