Tubalin Gazali Na Jiran Ruwan Farko

Hajiya Dada, don girman Allah ki duba lamarina, na rasa wanda zan faɗa wa.

A Dogon Daji nake, maigidana ya rasu bara waccan. Bayan gidanmu akwai fili inda yake ɗaure shanu. Tun yana raye ya zana wa autanmu Gazali wuri da sandarsa, ya ce nan ne ɗakin aurensa. Da rani abokan yaron suka yi masa gayya suka buga tubali, ni na tuƙa musu tuwo. Sai ga ma'aikatan tsara gari sun shafa mana jan fenti a katanga, wai doka ta hana sabon gini a wurin, hanyar ruwa ce kuma burtalin shanu.

Ban yi kuka ba. Ko haushi ban ji ba. Da safe in share tsakar gida, in share ƙofar ɗakin marigayi da ke kulle tun ranar da aka fita da shi, sai in zauna ina kallon tubalin. Maƙwabta sun ce mu yi sauri mu gina mu rufa, ba a rushe ɗaki da mutum a ciki. Iyayen Najiba, wadda zai aura, sun ce ba ɗaki, ba biki. Ga hadari ya fara haɗowa, ruwan farko kuwa zai mai da tubalin laka. Gazali ya daina tambayata. Ni dai ga ni nan.

Uwar Ango, Dogon Daji

Uwar Ango, Allah ya jiƙan maigida. Alkawarinsa na da nauyi, amma ruwa bai san da shi ba, kuma maƙwabtan da ke zuga ki ba su za su kwana a ɗakin ba. Kada ku gina. Gazali ya ɗauki mai unguwa su je ofishin, a nuna musu iyakar dokar, wataƙila ba ta shafi filin duka ba. Kafin nan a kwaso tubalin zuwa cikin gida a lulluɓe.

Sai dai ni ba filin ne ya tsaya mini a rai ba, ƙofar nan ce da kike sharewa kullum. Kukanki na bayanta, 'yar'uwa. Ki buɗe, ki yi shi ya ishe ki, sannan a zagaye ɗakin da tubalin a yi wa amarya shiga, wato sashenta. Uban yaron ɗaki ya yi masa alkawari, ga shi kuwa ya bar masa. Allah ya sanya alheri, ya sanyaya miki zuciya.