Kusurwar da Wipana Ba Ta Rufe Ba

Adelaide,
6 ga Mayu.

Zuwa ga uwargidana Imuna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da jikoki da duk mutanen Ilpiri. Yaya gwiwar taki? In Desmond ya bugo waya daga wurin haƙar ma'adinai, ki ce masa ubansa na nan da rai, tunda shi bai tambaya ba.

Ni dai jiya i yau. Litinin, Laraba da Juma'a a jona ni da injin wankin ƙoda, sauran ranakun in zauna a masaukin marasa lafiya ina kallon ruwan sama. Shekara uku ke nan. Ruwa ko'ina a garin nan, ni kuwa kofi biyu aka yanka mini a wuni.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Ranar Asabar aka kwashe mu a mota, maza da mata, aka kai mu kallon zanen mutanenmu da za a yi gwanjonsa. Da na ƙi zuwa, sai Lofty, tsohon da gadonsa ke kusa da nawa, ya ce, "Tashi, Ambrose, mu je mu ga gida a jikin bango, tunda ƙafa ta ƙi kai mu."

Tun daga bakin ƙofa na gane hannun ƙanwata Wipana. Zanen ya kai faɗin ƙofar gareji. Ga jan yashin ƙasar babanmu, ga tuddai bakwai, ga baƙin da gobara ke bari da ɗanyen tsiron da ke biyo shi, ga Yunpa, idon ruwanmu, a tsakiyar duwatsu. Imuna, har ƙamshin wurin na ji. Gaskiya ɗaya ce, duk ɗakin babu mai hannunta.

Sai idona ya sauka kusurwar ƙasa ta hagu.

Ke ma kina riƙe burushi, kin san ƙa'ida: abin da ba na idon kowa ba ne, a bi shi da ɗige-ɗige har ya ɓace. Wipana ta rufe ko'ina, ta bar kusurwar nan tsirara. Ba zan rubuta abin da ke ciki ba, ke mace ce. Na maza ne, maza ma sai waɗanda dattawa suka kai daji suka koya musu asirin kakanni. Lofty ba ɗan ƙasarmu ba ne, amma kallo ɗaya ya yi ya kau da kai.

Matan masaukinmu na tafe a bayana. Sai na je na jingina bayana da kusurwar, na tsaya. Awa biyu, da waɗannan ƙafafun masu kumburi. Wata Baturiya ta ce, "Baba, ɗan gusa mana mu gani." Lofty ya ce mata, "Ƙyale shi, shi ma na sayarwa ne, farashi ne ba a liƙa masa ba tukuna." Suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa miki ba. Safiyar da jirgin likita ya zo ɗaukata, na ɗauka tafiyar ke nan, ba dawowa. Babanmu ya rasu, yayyena sun rasu, Desmond ba a kai shi daji ba. Na ja Wipana bayan tankin ruwa, na zana mata abin a yashi da yatsa, na ce ta riƙe a ka har ranar da za a kai yaron daji, ta zana masa, ta manta. Na shafe da tafin hannuna. Na manta cewa idon da ya ga tudu sau ɗaya ya zana shi bayan shekara ashirin ba ya san shafewa.

Tambaya ɗaya gare ni. A rumfar zane ɗaya kuke zama. Kin gani tana yi?

Ki gaida kowa, ban da ita tukuna.

Mijinki,
Ambrose.

Adelaide,
29 ga Mayu.

Imuna,

Ina gaishe ki, da fatan sanyin bana bai tayar miki da tarin ba. Wasiƙarki ta iso, da hular da kika saƙa. Na gode, ta yi mini daidai.

To, kin sani. Wata biyu kina dama wa Wipana fenti, kina bugo mini waya duk Lahadi kina ba ni labarin kare da tayar mota. Shekara talatin da huɗu muna tare, ashe kin iya wannan.

Na karanta dalilinku sau uku. Kun haɗa zane ne don a sayi injin wankin ƙoda a kafa a ɗakin shan magani na Ilpiri, mu da muke ruɓewa a birni mu koma gida. Kin ce masu saye sun ƙoshi da ɗige-ɗige, abin da ba su taɓa gani ba suke farauta, kuma nata kaɗai ya kawo fiye da rabin abin da ake nema. Kin ce ta ce, "In dai Yaya zai mutu a ƙasarsa, su yi mini abin da za su yi."

Ba zan ce ƙarya take ba. Na san Wipana. Tana 'yar shekara tara ta bi ni wuni biyu a ƙafa da gwangwanin ruwa don na fita ba guzuri. Amma amana na ba ta, ban ba ta jari ba. Da ta tambaye ni, da na ce a bar ni a nan in mutu a ƙarƙashin wannan farin silin. Ta san haka zan ce, shi ya sa ba ta tambaya ba. Ke ma haka.

Na roƙi masu gwanjon su juya fuskar zanen bango. Sun saurare ni da ladabi, har shayi suka ba ni. An riga an sayar, yana cikin akwati zai haye teku, hotonsa kuma yana cikin littafin da suka raba wa ɗaruruwan mutane.

Littafin ya kai hannun dattawa. Shekaranjiya Kawu Pompey ya bugo. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Ɗana, mace ba ta mafarkin wannan. Ko an nuna mata, ko ta laɓe ta leƙa. Wanne ne?" Na ce layin ba kyau. Ya ce, "Layin lafiyarsa lau, ka fi shi ciwo. Zan sake kira."

Kin san abin da ke gaba. In na ce leƙe ta yi, sun raba ta da ƙasar babanmu, ba za ta ƙara zana ko tsakuwarta ba. In na ce ni na nuna, ni da Yunpa har abada, kuma ba ni zan kai Desmond daji ba. Shekara uku ba abin da ke tashe ni daga gadon nan sai tunanin ranar da zan durƙusa a bakin ruwan nan in kira sunan babana, ga ɗana a gefe.

Bayan tankin babu kowa sai ni da ita. Duk abin da na faɗa shi za a ɗauka.

Ki kula da kanki.

Ambrose.

Adelaide,
18 ga Yuli.

Zuwa ga Imuna,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, ba jikin ba ne.

Na san labari ya riga wasiƙar nan isa. Da Kawu Pompey ya sake kira na ce masa ni ne, da yatsana, da rana tsaka, ba wanda ya tilasta ni.  Ya ce, "Ubanka ya fi ka ciwo, bai yi haka ba." Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa.

Kada ki je ki ce mata don ita na yi. Ta ci amanata, wannan na nan daram. Amma ni na fara buɗe abin da aka ba ni a rufe, don tsoron mutuwar da har yau ba ta zo ba. Ba zan ɗora wa ƙanwata kayana a kan nata ba.

Dattawa sun yanke hukunci. Iyakata mararrabar da hanyar Yunpa ta rabu da babban titi. Desmond, in ya ga damar dawowa, ɗan Kawu Pompey ne zai kai shi. Lofty ya ce, "Kai dai wawa ne, amma irin wawan da ake so a maƙwabta." Na bar masa bargona.

An ce injin ya iso, kujera biyu, kuma sunana ne na farko. Jirgin Alhamis ta sama zai kawo ni. Ƙanwata ta saya mini hanyar gida da abin da nake son komawa gidan dominsa. Tafiyar rabin wuni ce daga ƙofarmu zuwa Yunpa, zan riƙa ganin tuddan daga inda nake kwance a jikin injin.

Ki gasa wutsiyar kangaru, naman dajinmu, likita ya yi ta faɗansa. In Wipana ta zo tarba, ta zo. Zan amsa gaisuwarta, zan ci abin da ta dafa. Kada dai ta kawo mini maganar zane.

Abu ɗaya nake roƙo kafin in iso. Wurin zamana na gindin bishiya, inda nake zana wa jikoki sawun dabbobi a ƙasa, ki sa a zuba masa tsakuwa. Ba na son yashi kusa da hannuna.

Sai na zo.

Mijinki,
Ambrose.